Kwalba ɗaya, cokali biyu: wai da gaske cakulan na ƙara soyayya?

Duk wanda ke da ƙawa ko aboki da ya yi aure tsakanin zangon karatun da ya wuce da wannan, ya san hoton da nake nufi. Tire ne a kan kafet, da yankakken burodi, da filas ɗin shayi, sai wata kwalba mai farin murfi an tsayar da cokula biyu a cikinta. A ƙasa an rubuta “ni da oga” an jera jajayen zukata. Kafin mako ya zagayo wata amaryar ta ɗora nata. Mu kuma da ke hostal muna jiƙa garin kwaki, sai mu danna hoton mu ƙara girmansa, mu ce Allah ya kai mu.

A ɗakinmu akwai wadda za a ɗaura wa aure da zarar mun ajiye biron jarrabawar ƙarshe. Wani dare na same ta tana rubuta jerin kayan gara a bayan takardar lakca: shinkafa, taliya, man gyaɗa, nakiya, alkaki, dubulan, sai can ƙasa ta sa Nutella, babbar kwalba, guda uku. Ta ɗago ta dube ni.

“Ke malamar abinci, don Allah tsakaninki da Allah, wai da gaske ne abin nan yana ƙara soyayya?”

Ɗaki ya ɗauki dariya, amma ita ba wasa take ba. Mahaifinta ɗan fansho ne, kuma kuɗin kwalaben nan uku zai ciyar da ni a makarantar nan fiye da mako biyu. Na ce ta ba ni lokaci. Ina karanta fasahar sarrafa abinci, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma ya kamata a ce shekara biyun nan sun koya mini amsa tambaya irin wannan. Ga amsar, na rubuto ta nan saboda na san ba ita kaɗai ke da jeri a bayan takarda ba.

Zan fara da abin da na gani da idona. Wata huɗun SIWES ɗina a gidan yayana na yi su, lokacin aurensa bai fi wata biyar ba. Amma sai na fara gaya muku gidan da muka fito. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba da Mama sun sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba faɗa suke ba, sun haura shekara talatin tare lafiya lau. Tsarin ne haka. A zuba na Baba a kwanonsa, a kai masa zaure bayan magariba, maƙwabta su fito da nasu a yi ciyayya. Samari su ci a tire ɗaya. Mu mata muna tsakar gida da Mama, wadda ko sunan Baba ba ta kamawa, sai dai “Malam”.

Yaya ya ɗauko wannan tsari cak, ya kai shi gidan haya mai ɗaki biyu da falo, inda babu zaure, babu maƙwabcin da zai fito da kwano. Sai ya zama Anti ta jera masa kuloli a falo, ya zauna shi kaɗai, cokali a dama waya a hagu, ita kuma ta koma kicin ta ci nata a tsaye, ko ta jira in dawo daga wurin aiki. Suna son juna, wannan ba na shakka. Amma shi bai san yadda ake cewa “zo mu ci” ba, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta zauna ba a kira ta ba. Na taɓa tsokanarta, da yake abokiyar wasata ce, na ce Anti ko dai yayan nawa cizo yake? Ta yi dariya, sannan ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce a gidansu ma haka ta taso ta gani.

Kwalbar tsaraba ce, wata ƙawarta ta kawo mata daga Umara. Ta ɓoye ta a bayan gwangwanayen madara tana lasa kaɗan-kaɗan. Wani dare an ɗauke wuta, janareto ba mai, Yaya ya shigo da burodi mai zafi, ya haska fitilar waya a kicin ya kama ta da cokali a baki.

“Au, abin da ake ci a bayan idona ke nan? Kawo in ɗanɗana.”

“Yallaɓai, ai ba na manya ba ne.”

“To yau na zama yaro.”

A nan bakin ƙofar kicin suka zauna, a ƙasa, ni ina falo ina yi kamar ina cike littafin rahoton aiki. Sun fi awa ɗaya. Na ji ana musu a kan wa ya fi ɗiba, daga nan aka koma labarin wani malamin lissafi da ya taɓa zane Yaya a firamare, labarin da ni ƙanwarsa ban taɓa ji ba. Washegari aka sake. Kafin in bar gidan, tuwo ma tare suke ci.

Na daɗe ina tunanin me ya sa kwalba ta yi abin da miyar kuka da farfesu suka kasa. Abin da na fahimta shi ne tuwo yana da doka. Kowa ya san wa ake fara zuba wa, wa ke samun tsoka, a ina ake ci, wa ke ɗauke kwano. Wannan abin kuwa baƙo ne, ba wata kaka da ta taɓa faɗin yadda mata da miji za su ci shi. Kuma ba ya zubuwa a kula a kai wa maigida falo, manne wa cokali yake, dole a zo inda kwalbar take. Kunyar ba ta sami inda za ta riƙe ba.

To, wannan labarin gida ne. Bari in sa farar rigar ɗakin gwaji mu juya kwalbar mu karanta bayanta, abin da yawancinmu ba ma yi.

Darasin farko da aka koya mana a kan takardar jikin kaya shi ne ana jera abubuwan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. A jikin Nutella na farko sukari ne. Na biyu manja, amma wanda aka tace har ja da ƙamshinsa suka fita. Sai a na uku ake zuwa ga hazelnut, wata ƙwaya mai kauri da ke fitowa a bishiya a ƙasashe masu sanyi, mu kira ta gyaɗar hazel. Ita kashi 13 ce cikin 100. Sai madarar gari da aka cire wa mai, kashi 8.7, sannan koko kashi 7.4. Koko nake nufi na cakulan, ba wanda muke sha da ƙosai ba. Ragowar lesitin ne na waken suya, wanda ke hana mai rabuwa da sauran kayan, da kuma ɗan ƙamshin banila. Haɗin yana ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A kowane giram 100 akwai sukari wajen giram 56, mai wajen giram 31, da kalori 539. Ku yi lissafin da kanku: ƙaramar kwalba mai giram 350 tana ɗauke da sukari kusan giram 200, wato ƙaramin cokali kusan 50. Ranar da na yi wa Anti wannan lissafi sai da ta ajiye cokali ta ce, “Ke dai ba ki iya barin mutum ya ji daɗi ba.”

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi tarihinsa shi ne, wannan abin da muke ɗauka alamar an auri mai hali, asalinsa dabarar rashi ce. A 1806 Napoleon ya toshe cinikin Turai da Ingila, koko ya yi wuya ya yi tsada a birnin Turin na arewacin Italiya. Labarin da masu cakulan na yankin ke bayarwa shi ne daga nan suka fara niƙa gyaɗar hazel, wadda ke cike da tsaunukansu, suna haɗawa da ɗan kokon da suka samu don ya yi auki. Haɗin ya sami suna gianduja, ana furta shi “janduya”. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu koko ya sake yin wuya. Wani mai gasa kek a garin Alba, Pietro Ferrero, shi da matarsa Piera Cillario, suka koma wa tsohuwar dabarar. A 1946 suka fara sayar da shi a dunƙule kamar sandar sabulu, a naɗe, uwa ta yanka ta sa wa yaro a burodi. Ƙaninsa Giovanni ne ke yawon kai kaya shaguna. Pietro ya rasu a 1949, a 1951 aka fitar da mai laushi da ake shafawa da sunan Supercrema, sannan a 1964 ɗansu Michele ya gyara haɗin ya raɗa masa Nutella. Shi Michele ya rasu ne ranar 14 ga Fabrairun 2015, ɗaya daga cikin ranakun da masu sayar da cakulan suka fi ciniki. Na faɗa ne kawai, kada a ce wata alama ce.

Ashe abincin ’ya’yan ma’aikata ne waɗanda iyayensu ba su iya sayen cakulan na gaske. Kamar dai yadda uwa ke ƙara wake a shinkafa don ta ishi yara.

Akwai kuma hannunmu a cikin kwalbar. Wani rahoto da ƙungiyar OECD ta fitar a 2013 ya ɗauki Nutella a matsayin misalin yadda kaya ɗaya ke haɗo ƙasashe da yawa: gyaɗar hazel daga Turkiyya, manja daga Malesiya, sukari daga Brazil da Turai, ƙamshin banila daga Faransa, koko kuma daga Najeriya. Turkiyya ce ke noma kusan kashi biyu bisa uku na gyaɗar hazel ta duniya, a gaɓar Baƙin Teku, wajen Ordu da Giresun, kuma kamfanin Ferrero shi kaɗai yana sayen wajen rubu’in abin da duniya ke nomawa. Koko kuwa na yankinmu ne. Kwaddibuwa da Ghana suna ba da wajen rabin na duniya, wasu shekarun ma fiye, mu kuma muna noma shi a jihohi irin su Ondo da Osun da Kuros Riba. Yana fita a buhu da araha, ya dawo mana a kwalba da kuɗin waje, shi ya sa duk lokacin da dala ta motsa sai farashinsa ya yi tsalle a kanti. Kuma kada mu ga kamar mu kaɗai abin ya ruɗa. A Janairun 2018 wasu manyan kantuna a Faransa sun rage kuɗin babbar kwalba da kashi 70, daga yuro 4.50 zuwa 1.41, sai ga manyan mutane suna ture juna suna kokawa a gaban kanta.

Yanzu ga tambayar ’yar ɗakinmu. Masu cewa cakulan na sa soyayya suna kafa hujja da wani sinadari, feniletilamin, wanda suke kira sinadarin ƙauna. Gaskiya ne akwai shi a koko, ɗan kaɗan. Matsalar ita ce jiki yana farfasa shi tun a hanji da hanta, abin da ke kai wa ƙwaƙwalwa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma tiyoburomin, ɗan’uwan kafeyin, mai ɗan wartsake mutum. Shi ma akwai shi a goro, da yake goro da koko dangi ɗaya ne a tsirrai, kuma ban taɓa jin an ce Kaka ta faɗa soyayya don ta tauna goro ba. Sannan ku tuna kokon kwalbar bai kai kashi 8 ba. Daɗin da ake ji na gaske ne, amma na sukari ne da mai da suka narke tare a kan harshe, haɗin da ƙwaƙwalwar ɗan’adam ke so ƙwarai. Wannan daɗin ba ruwansa da wanda ke zaune kusa da ke. Anti ta ji shi ita kaɗai a bayan gwangwanayen madara, kuma bai gyara komai ba.

Inda maganar ta fara yin nauyi shi ne wasu gwaje-gwaje biyu da masana halayyar ɗan’adam suka yi a Amurka. Na farko a Jami’ar Yale, Erica Boothby da abokan aikinta suka wallafa shi a 2014. An ba ɗalibai cakulan sau biyu su ɗanɗana su ba da maki. Sau ɗaya akwai wani a gefensu yana cin irinsa a daidai lokacin, ɗaya karon kuma mutumin yana nan zaune amma wani abin daban yake dubawa. Ba a gaya musu cewa cakulan ɗin iri ɗaya ne ba. Wanda aka ci tare shi ya fi samun maki, suka ce ya fi daɗi, ya fi ɗanɗano, alhali ko magana ba su yi da mutumin ba. Sai aka sake gwajin da cakulan mai ɗaci sosai. Wannan karon wanda aka ci tare shi aka fi ƙi. Wato cin abu tare da wani yana ƙara wa abin ƙarfi ne, mai daɗi ya ƙara daɗi, mai ɗaci ya ƙara ɗaci.

Wannan rabi na biyun ya tsaya mini a rai. A ganina yana faɗin wani abu game da gidajen aure da hotunan sitatus ba sa faɗa. Idan akwai ɗaci tsakanin mutum biyu, zama a gaban tire ɗaya ba ya ɓoye shi, fito da shi yake. Duk wanda ya taɓa cin abinci da wanda suke gaba ya san yadda loma ke tsayawa a wuya.

Gwaji na biyu na Kaitlin Woolley ne da Ayelet Fishbach, ya fito a 2019. Sun haɗa mutane bibbiyu da ba su san juna ba, ɗaya a matsayin shugaban ma’aikata, ɗaya wakilin ƙungiyar ƙwadago, aka ce su daidaita a kan albashi, kuma duk zagayen da ba su daidaita ba ana lissafa shi kwana ɗaya na yajin aiki. Kafin a fara an ba su abin taɓawa. Wasu a kwano ɗaya, wasu kowa da nasa, amma yawan abincin ɗaya ne. Masu kwano ɗaya sun daidaita bayan kwana 9 a matsakaici, masu kwano daban-daban sai da suka kai 13. Da na karanta wa ’yan ɗakinmu wannan, ɗaya ta ce to don Allah a nemo babban tire a zaunar da gwamnati da ƙungiyar malamai, ko ma gama diflomar nan a kan lokaci.

Bayanin da masu binciken suka bayar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan yawa. Idan kwano ɗaya ne, dole ka lura da hannun ɗan’uwanka: nawa ya ɗiba, nawa ya rage, yaushe zai kai hannu don kada ku yi karo, wa zai bar wa wani lomar ƙarshe. Kana cin abinci amma kana karanta mutum. Mun san wannan tun muna yara, lokacin da ake barin nama a tsakiyar tire sai babba ya raba. Mun san shi a hostal, inda wadda kuke haɗa tukunya da ita ta fi ’yar garinku kusa da ke. Abin da bai zama ruwan dare ba a gidaje irin namu shi ne a yi shi tsakanin miji da mata. Ko da yake a Islamiyya an karantar da mu cewa lomar da miji ya sa wa matarsa a baki ma akwai lada a kanta, mun haddace, mun ci jarrabawa da ita, mun dawo gida an kai wa Baba kwanonsa zaure.

Ba ina cewa iyayenmu sun yi kuskure ba ne. Baba yana da zaure cike da mutane, Mama tana da tsakar gida cike da mata da yara, ba wanda ke ci shi kaɗai. Amma yawancinmu ba irin wannan gida za mu shiga ba. Ɗaki da falo ne a unguwar da ba mu san kowa ba, wataƙila a garin da aiki ko bautar ƙasa ta kai mu. A irin wannan gida, idan aka riƙe tsohon tsari, sakamakonsa mutum biyu ne kowa na cin abinci shi kaɗai, bango ɗaya a tsakaninsu. Wata biyar Anti ta yi a haka, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don me za ta ce? Ba a zage ta ba, ba a hana ta komai ba.

Ga masu cewa duk da haka za su saya, kuma ba laifi, akwai abubuwan da ya kamata a sani. Abin da kamfanin ke kira ci ɗaya giram 15 ne, ƙaramin cokali ɗaya mai tozo, kalori 80 da sukari wajen giram 8. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya a nan ba. Babban cokali biyu, giram 37, ya kai kalori 200 da sukari giram 21. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wato wajen giram 50 ga babba, in da hali ma a tsaya a 25. Ku haɗa da shayi mai kauri da burodinmu da shi ma da sukarinsa, a ci da ƙarfe goman dare a kwanta. Kafin in bar gidan Yaya sai da aka kai wandunansa biyu wurin tela. Kayan zaƙi ne, a ci shi kamar yadda ake cin alkaki, ba kamar abincin karin kumallo na kullum ba. A Amurka ma wata uwa ta kai kamfanin ƙara a kan tallan da ke nuna shi kamar lafiyayyen karin kumallon yara, kuma a 2012 kamfanin ya amince ya biya wajen dala miliyan 3 ya sauya tallan. Wanda ke da ciwon sukari a danginsu ya yi wannan lissafi da kyau.

Kada a sa shi a firij, daskarewa yake ya ƙi shafuwa. A ajiye shi a inuwa nesa da murhu. Lokacin zafi za ku ga mai ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, a juya kawai. Babban abokin gabarsa ruwa ne. Abin da ke sa ya daɗe shi ne kusan babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba su da abin rayuwa, to cokalin da aka lasa aka mayar, ko wanda aka tsamo daga kofin shayi, shi ke kai musu. Na san wannan ya ɓata hoton cokula biyu a tsaye, amma ku ɗiba a ƙaramin faranti ɗaya ku ci tare, kwano ɗayan dai yana nan. Kuma a tambayi juna kafin a fara: wanda gyaɗa ko madara ko waken suya ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ya nisance shi.

Da na gama karanta tarihin Pietro da Piera sai na ga abin dariya. Su suna da ƙwaya ba su da koko, suka yi dabara. Mu muna da koko, muna da gyaɗa har an taɓa yin dala da ita a Kano, amma muna jiran jirgi. Sai na gwada a gida lokacin hutu. Gyaɗa soyayya da aka murje wa ɓawo gwangwanin madara 3, garin koko zalla babban cokali 4, niƙaƙƙen sukari cokali 5, madarar gari cokali 3, man gyaɗa cokali 2, da ɗan gishiri. Garin koko zalla na masu yin kek nake nufi, ba Milo ko Bournvita ba, su an riga an cika su da sukari. A fara niƙa gyaɗar ita kaɗai har ta saki mai ta zama kamar kunu mai kauri, sannan a zuba sauran. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yamushe ko ta sauya launi ko take warin fumfuna a zubar, saboda gubar aflatoksin tana illa ga hanta kuma suya ba ta kawar da ita. A zuba a busasshiyar kwalba, a cinye cikin mako biyu.

Karon farko na kai inji a bakin layi, ashe mai injin bai daɗe da niƙa kayan miya ba. Cakulan mai attaruhu na samu. Karo na biyu na yi da bilenda, ina kashewa tana hucewa don kada ta ƙone. Gaskiya bai kai na kanti santsi ba, kuma ba zai kai ba. A masana’anta ana murza haɗin har ƙwayoyinsa su yi ƙasa da maikiron 30 ko kusa da haka, inda harshe ke daina jin gari-gari, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bilendar gida ba ta zuwa nan. Ƙamshin gyaɗa ma ya fi na hazel ƙarfi, yana danne kokon. Amma sukarinsa bai kai rabin na kanti ba, kuɗinsa kuma ba a ma haɗawa.

Na zuba a tsohuwar kwalbar Anti, bayan na juye yajin da ta mayar ciki na wanke na shanya, na kai musu. Yaya ya ɗanɗana, ya juya harshe, ya ce, “Wannan ai tunkuza ce ta yi difloma.” Anti ta ce in bai so ya bar mata. Bai bari ba. Kwana huɗu ta yi musu, a bakin ƙofar kicin ɗin nan, don har yanzu can suke zama duk da sun sayi teburin cin abinci.

Duk wannan na zayyana wa ’yar ɗakinmu, har da lissafin cokali 50. Ta saurara, sannan ta tambaye ni abin da ban shirya masa ba, wai to ita ya za ta san ko nata angon irin Yaya ne? Na ce ni ma ban san shi ba, ke kika san shi, kin taɓa tambayarsa yadda ake cin abinci a gidansu? Shekara biyu suna tare, sun yi maganar kalar labule, sun yi maganar ko za ta ci gaba zuwa babbar difloma, amma wannan ba su taɓa ba.

A daren ta kira shi, muna jin ta daga baranda.

“Wai ni kam, a gidanku wa ke cin abinci da wa?”

Ya yi shiru har ta duba ko katin ne ya ƙare. Can ya ce Alhaji shi kaɗai yake ci a ɗakinsa, ya kuma tambaye ta me ya kawo wannan magana da tsakar dare. Ta ce ba komai, sai dai ita ba ta iya cin abinci ita kaɗai ba, gara ya sani tun yanzu. Sun kai kusan awa suna magana, sauro ya gama da ƙafafunta.

Da safe na ga takardar a kan gadonta. Ta soke “babba guda uku” ta rubuta “ƙarama ɗaya”, a gefe kuma ta sa sunana da alamar tambaya. Na ce sai bayan na kare furojet ɗina, kuma gyaɗar ita za ta saya.